Alhazai Biyu a Fuskar Kwamfuta Ɗaya

Wani ne a Gaya, sana'arsa liƙa fastocin 'yan siyasa. Shi da bokitinsa da buroshinsa ba a raba su. Sitacinsa kuwa ba irin na kowa ba ne. Garin rogo yake damawa, ya jiƙa ƙaro ya zuba, ya ƙara wani abu da ko matarsa Kulu bai taɓa gaya mata ba. In ya liƙa fasta a bango, to sai dai bangon ya rushe. Damina ta zo ta wuce, awaki su gwada haƙoransu su gaji, yaran ɗaya jam'iyyar su zo da wuƙa su yi ta kankara, fasta tana nan tana murmushi.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan baiwa shi ne Alhaji Gwadabe, wani ɗan takara da ba a zaɓe babu shi, ba a kuma taɓa rantsar da shi ba. An yi zaɓe an gama, Alhaji ya sha kaye kamar yadda ya saba, amma daga Gaya har Balan har Kademi babu bangon da ba fuskarsa. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce mutumin da ya hana a manta da shi bai kamata ya ci gaba da yawo a rana ba. Daidai lokacin ya bai wa wata ƙungiyar manoman gyaɗa ta yankin kyautar kwamfuta, sai ya ce a ɗauki mutumin nan ya zama mai kula da ita.

Iliminsa na kwamfuta bai wuce abu uku ba: ya kunna, ya kashe, ya goge ta da tsumma. Hakan ma ya wadatar, domin aikin kwamfutar bai wuce a gan ta ba. Manomi zai shigo daga ƙauye, ya tsaya ya dube ta, ya jinjina kai, ya ce ƙungiya ta ci gaba, ya fita. Mutumin naka ya samu kujera mai juyi da inuwa da ɗan albashi. Mutane suka fara kiransa Injiniya, da wasa da wasa har sunan ya bi shi. Kulu ma a gidan biki sai ka ji ana cewa a matsa wa matar Injiniya. Ya yi rantsuwa shi da bokiti har abada, ya miƙa wa Kulu shi, ta mai da shi na ba kaji ruwa.

Kyautar ɗan siyasa dai da igiya a wuyanta take zuwa. Da an kunna kwamfutar, hoton Alhaji Gwadabe ne ke cika fuskarta daga wannan gefe zuwa wancan: doguwar hula, gemu, wushirya, ga yatsu biyu a sama. Ranar da ya miƙa ta, da ɗan janareton da ya zo da shi ya kuma koma da shi, ya faɗa a gaban kowa cewa duk ranar da hotonsa ya bar fuskar kwamfutar nan, kwamfuta ta bar ofis, mai kula da ita ya bi ta.

Ofishin kuwa ba a ja masa wuta ba. Kwamfuta ta daɗe a lulluɓe da zani kamar amarya, ana dai ɗaga zanin a nuna wa baƙi. Ana haka sai Allah ya kawo Alhaji Abdulmumin daga Ajingi, wanda kujera ɗaya suke nema da Alhaji Gwadabe. Ya ji labarin ƙungiya na da kwamfuta ba wuta, ya ga abin nema ya samu. Ya aiko da farantan sola da batir, aka ɗora a kan rufi, ya zo da kansa da jama'arsa don ya ga alherinsa yana aiki.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka yi addu'a, aka ce Injiniya ya kunna. Ya miƙe yana gyara riga, ya danna. Sai ga Alhaji Gwadabe ya fito tar, yana yi wa Alhaji Abdulmumin murmushi da yatsu biyu. Alhaji Abdulmumin ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa, ko za a yi sa'a mutumin ya tafi. Bai tafi ba.

Ya juya wajen shugaban ƙungiya, Malam Muhyiddeen, ya ce, "Malam, wato da kuɗina na sayo rana, na zuba a batir, don a riƙa haska wannan?"

Malam Muhyiddeen ya shiga bayani a kan sharaɗin mai kwamfuta. Alhaji ya ce shi ma yana da nasa. Ranar kasuwa zai dawo. In bai ga hotonsa a fuskar kwamfutar nan ba, farantansa za su koma inda suka fito.

Da jama'a suka watse, Malam Muhyiddeen ya zaunar da mutumin naka. Malam mutum ne mai sanyin murya, wanda ya saba sauke nauyi a kan na ƙasa da shi cikin ladabi. Ya ce abin ai mai sauƙi ne. A nuna hoton Alhaji Abdulmumin, kada a taɓa na Alhaji Gwadabe. In kwamfuta ta tafi, ba aiki. In sola ta tafi, nan ma ba aiki. Ya dafa kafaɗarsa ya ce ai shi ya sa ake ajiye Injiniya, ya zura takalmansa ya tafi masallaci.

Gaba kura, baya sayaki. Mutumin ya dubi kujerarsa mai juyi, ya ji tausayin kansa ya kama shi. Ya tuna zafin rana a kan hanyar Kademi, da karnukan da suka san warin sitacinsa. Ya ce wallahi ba zai koma ba.

Kusa da ofis akwai shagon wata Adawiyya mai buga takardu, wadda ke buga fastocin alhazan biyu ba ta nuna bambanci. Ya je ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi ta kewaye-kewaye, wai wani abokinsa ne ke da matsala. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce ya gaya wa abokin nasa duk Gaya ta ji labari. Ta ɗauko hoton Alhaji Abdulmumin a filashi, 'yar na'urar ajiye hotuna, ta bi shi ofis.

Ta ce masa hoton da ke shimfiɗe a fuskar kwamfuta ba sai an cire shi ba. Ana iya buɗe wani hoton a kansa, a ja gefensa a rage masa girma, a ajiye shi inda ake so. Ta ga bai gane ba, sai ta ce, "Kamar ka shimfiɗa darduma a kan tabarma ne. Tabarmar tana nan a ƙasa, ba abin da ya same ta."

Nan ya gane, ko kuma ya ga kamar ya gane. Ta danna nan, ta ja can, sai ga Alhaji Abdulmumin ya fito a ɗan ƙaramin fili a kusurwa, da tabarau da gyararriyar haɓa ba gemu. Ta ƙara da cewa in an kashe kwamfuta hoton zai rufe, sai an sake buɗe shi, ta nuna masa yadda ake yi. Shi kuwa hankalinsa na kan mamakin ganin mutanen nan biyu wuri ɗaya ba faɗa. Ta tambaye shi ko ta sake nuna masa. Ya tuna shi fa Injiniya ne, ya ce a'a, ai wannan ƙaramin abu ne.

Ya aika aka kira dattawan ƙungiya su zo su ga aiki. To dattawan nan kashi biyu ne. Na Balan da Kademi mutanen Alhaji Gwadabe ne, na Toranke kuwa da Alhaji Abdulmumin suke kwana suke tashi. Na Toranke suka leƙa suka ce ba su yarda ba, an mai da Alhajinsu kamar hoton katin zaɓe, an kuma cusa shi a lungu. Mutumin ya kama linzamin kwamfuta da hannu biyu, ya ja gefen hoton kamar yadda ya ga an yi. Hoto ya buɗe ya rufe hular Alhaji Gwadabe. Na Balan suka miƙe tsaye, suka ce cire wa dattijo hula a bainar jama'a ba ƙaramin cin mutunci ba ne. Ya jawo shi ƙasa, ya sauka a kan baki. Na Kademi suka ce to yanzu kuma an toshe masa baki, dama abin da ake nema ke nan.

Da hayaniya ta yi yawa, Malam Muhyiddeen ya ce a saurara. Shi ne ake kira rabon gona in an yi rasuwa a yankin, kuma a ganinsa wannan ba shi da bambanci da gonar gado mai magada biyu. Ya zaro zare daga bakin rawaninsa, ya auna fuskar kwamfuta daga gabas zuwa yamma, ya ninka zaren biyu, ya sa alli ya yi alama a tsakiya. Wani dattijo daga Toranke bai yarda da zare ba, ya sake aunawa da takin hannu. Matsalar ita ce hancin Alhaji Gwadabe daidai kan iyaka ya faɗo.

Aka yi ta ja-in-ja har rana ta karkata. Na Toranke suna neman a ba su har ido ɗaya, na Balan suka ce ko gashin gemu ba za su bari ba. Daga ƙarshe aka daidaita a kan cewa Alhaji Abdulmumin ya ɗauki gefen gabas har zuwa kunnen Alhaji Gwadabe na hagu. Mutanen Alhaji Gwadabe suka yarda a sadaukar da kunnen, tunda su ma sun shaida ba ya amfani da shi. Aka ja layi da alli, aka shafa fatiha a kan iyaka, kowa ya kama hanyar garinsu. Mutumin naka ya ji wani sanyi a ransa. Ya kashe kwamfuta, ya lulluɓe ta, ya tafi gida ya ci tuwo har da ƙari.

Da safe ya zo ya kunna. Alhaji Gwadabe ne shi kaɗai, da kunnuwansa biyu cif, yana murmushi. Alhaji Abdulmumin ko ƙurarsa babu.

Ya kashe ya sake kunnawa. Ya leƙa bayan kwamfuta. Ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashi. Abin da Adawiyya ta faɗa masa bai ko gifta a ransa ba. Shi dai ya yanke hukunci cewa an bar mutum biyu a ɗaki an kulle, ɗaya ya kori ɗaya, kuma dama an daɗe ana cewa Alhaji Gwadabe ba haka ya bar kansa ba. Ya ruga shagon Adawiyya ya tarar da kwaɗo. Maƙwabcinta ya ce ta tafi biki Wudil, sai bayan kasuwa. Ya kira wayarta, a kashe. Kasuwa kuwa gobe.

Ya dawo ya zauna ya kama danne-danne da bismilla. Ya buɗe abubuwan da shi kansa bai san akwai su ba. Wani abu ya fito yana yi masa tambaya da Turanci, ya danna, ya sake yi masa wata. Da ya ga tambayoyin ba za su ƙare ba, ya ji tsoron kada garin neman gira ya rasa ido, ya kashe. Ya je ya sami Malam Muhyiddeen. Malam ya ce shi ya raba gona, ya kafa iyaka, tsare ta kuma aikin mai gona ne.

Mutumin naka ya koma gida, ya zauna a gindin darbejiya ya rafka tagumi. Kulu ta yi masa magana bai ji ba. Idonsa ya sauka a kan kaji suna shan ruwa a bokiti. Ya daɗe yana kallon bokitin nan. Can ya miƙe, ya kore kajin, ya zubar da ruwan, ya ce wa Kulu ta miƙo masa garin rogo. Ta tuna masa da rantsuwarsa. Ya ce zai yi kaffara, da tsohuwar zuma ake magani.

Ya dama sitaci irin wanda bai taɓa damawa ba, domin aikinsa ne ke neman suɓuce masa. Ya bi ta ofishin kamfen na Alhaji Abdulmumin ya karɓo sabuwar fasta. Niyyarsa tsakani da Allah ita ce ya yanke ta daidai gefen gabas, ya tsaya a kan layin alli, kada ya ci iyakar kowa. Amma hannu ya riga ya saba. Shekara da shekaru, duk inda ya ga fuskar abokin hamayya a bango, rufe ta yake yi ruf, ko hula ba ya bari ta leƙo. Yana tsoma buroshi a bokiti jikinsa ya karɓe aiki. Ya shafe gilashin tun daga wannan kusurwa har waccan, ya ɗora fasta, ya bi ta da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe, ya danne bakin da babban yatsa. Sai da ya ja da baya don ya duba ko ta karkace sannan ya ga abin da ya yi.

Amma da ya zauna ya yi lissafi sai ya ga ai babu sharaɗin da ya karya. Hoton Alhaji Abdulmumin yana fuskar kwamfuta. Na Alhaji Gwadabe yana nan a ƙasa, ba wanda ya taɓa shi. Darduma a kan tabarma ke nan, yadda yarinyar ta faɗa. Har ya ɗan ji haushin yadda masu boko ke wahalar da abu mai sauƙi.

Ranar kasuwa Alhaji Abdulmumin ya iso da motoci da jama'a. Aka yaye zani. Ya ga fuskarsa ta cika kwamfuta fal, babu ko alamar wancan. Ya washe baki, ya ce ashe ƙungiyar nan ta san mutunci, ya kuma yi alkawarin ƙaro batir. Na Toranke suna ta gyara zama, na Balan sun kumbura suna hararar Malam Muhyiddeen, ɗayansu ya zame waje da waya a kunne. Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Sai Alhaji ya ce a kunna, yana so ya ga solarsa ta haska shi.

Mutumin ya ce ai ranka ya daɗe a haka ma ya fi kyau. Alhaji ya ce a kunna.

Mutumin ya danna. Haske ya taso daga bayan takarda a hankali. Da farko dai fuskar Alhaji Abdulmumin ta yi kyau kamar an shafa mata mai, har wani ya fara kabbara. Sai gemu ya fara tsiro masa. Sai doguwar hula ta fito a saman tasa. Ƙarƙashin tabarau wasu idanu biyu suka buɗe, wushirya ta bayyana a tsakiyar haɓarsa, yatsu biyu suka ɗago daidai bayan kunnensa. Mai kabbara ya haɗiye sauran. Wani tsoho daga Toranke ya ja da baya yana neman tsari.

Ana cikin haka aka ji tsayuwar mota. Alhaji Gwadabe ya shigo yana haki, babbar riga na jan ƙasa, ko sallama bai ƙarasa ba. Ya tsaya kusa da abokin hamayyarsa, su biyu suka zuba wa halittar nan ido. Tunda suka fara takara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba sai ranar: dukansu sun amince an ci mutuncinsu.

Alhaji Gwadabe ya tambayi inda hotonsa yake. Mutumin ya durƙusa ya ce yana ciki, ko ƙwarzane babu, ga gemun nan ma ana gani. Alhaji Abdulmumin ya ce shi bai ce a haɗa shi jiki ɗaya da kowa ba, ya umarci mutanensa su hau rufi su kwance faranti, su fara da cire batir. Ana zare waya kwamfuta ta mutu. Gemu ya ɓace, hula ta ɓace, yatsu suka ɓace. Ya rage Alhaji Abdulmumin shi kaɗai a fuskar kwamfutar Alhaji Gwadabe, tsaf da shi. Ya dubi abin, ya dubi abokin hamayyarsa, dariya ta ƙwace masa. Ya ce a ci gaba da kwance faranti, haka ma ya ishe shi, ya fita yana goge hawaye.

Alhaji Gwadabe ya ce a kai masa kwamfutarsa mota. Aka ɗauko ta, sai aka tuna motar tana can bakin kasuwa saboda cunkoso, kuma duk wanda ya ga an ratsa da ita a bayansa da wannan fuska zai ce Alhaji ya janye ya bi. Ya ce a ajiye. Ya sa farce a gefen fasta, farce ya karye. Ya zaro makullin mota ya kankara, makulli ya zame ya bar takarda lafiya lau. Malam Muhyiddeen ya kawo ruwa a buta aka jiƙa tsumma aka goga, fasta ta ƙara sheƙi. Dattawan Balan suka karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gwada ya ba na kusa da shi.

Alhaji ya yi gumi sharkaf. Ya juyo kan mutumin, wanda har yanzu yana durƙushe ya riƙe ƙafar kujerarsa mai juyi da hannu ɗaya.

Ya ce, "Kai, ni na ɗauko ka daga rana na sa ka a inuwa. Ka cire min mutumin nan yanzu, ko ka bar aikin nan yau."

Mutumin ya ɗago kai ya dubi fastar, ya ga ko kusurwa ɗaya ba ta ɗaga ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da liƙina yana ciruwa, ai da ba ka ba ni aikin ba."